A Ɗora Darasin Gano Ciwon Ƙwaƙwalwa a Wayar Malamin Asibiti, Kada a Bar wa Manhaja Yanke Hukunci

Duk mai riƙe da wayar Android a 'yan shekarun nan ya ci karo da irin bidiyon nan na TikTok ko Facebook mai cewa ga alamomi biyar da ke nuna mutum yana da ciwon damuwa. Akwai kuma shafuka da manhajojin da ke jero tambayoyi goma, daga ƙarshe su ba mutum maki, su faɗa masa sunan cutarsa. Yanzu ga manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Gemini da Meta AI na cikin WhatsApp, waɗanda matasa ke kai wa kuka da tsakar dare suna tambayar ko abin da ke damun su taɓin hankali ne. Ganin haka ya sa wasu masu sha'awar fasaha suka fara cewa ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa a Arewa ya kusa zama tarihi, tunda kowa ya samu likita a aljihu.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana da haɗari, musamman a wurare irin su Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, inda kuskuren gano cuta ba shi da mai gyara shi a kusa. Wayar salula tana da babban aiki a wannan fanni, sai dai wurin aikin nata shi ne hannun malamin asibiti da nas da unguwarzoma. A can ne za ta koya musu ginshiƙan gano cutar, ta riƙa tuna musu abin da suka koya, ta kuma haɗa su da ƙwararre idan abu ya shige musu duhu. Kuɗi da basirar da za a kashe wajen ƙera manhajar da za ta gaya wa mutum cutarsa, sun fi amfani idan aka kashe su wajen koyar da wanda zai zauna gaban marar lafiya ya dube shi ido da ido.

Girman giɓin

Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu sun haura dubu 300, na Gwaram kuma sun haura dubu 270, kuma daga lokacin zuwa yau an samu ƙaruwa mai yawa. A Nijeriya gaba ɗaya, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga jama'ar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Asibitin masu taɓin hankali na Jihar Jigawa yana Kazaure, wato can ɗaya ƙarshen jihar. Iyalin da suka ɗauko marar lafiya daga Basirka ko Farin Dutse, a kan iyaka da Jihar Bauchi, sai sun ratsa Birnin Kudu da Wudil da Kano kafin su isa, tafiyar da ta haura kilomita 200. Ko da Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano suka nufa, tafiya ce ta wuni, ga kuɗin mota na mutum uku ko huɗu, domin mai irin wannan larura ba a kai shi da rakiyar mutum ɗaya.

Saboda haka mafi yawan masu larurar ba sa zuwa wurin ƙwararre ko kaɗan. Wani babban bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na masu tsananin larurar ƙwaƙwalwa suka samu wani magani a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A yankin Yarbawa aka yi shi, inda asibitoci suka fi yawa.

Ba ƙin asibiti ne ya jawo haka ba. A wani bincike da aka yi a ƙauyen Karfi na Jihar Kano, aka wallafa a 2004, kusan rabin waɗanda aka tambaya sun ce asibiti za su fi so a kai mai taɓin hankali, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma suka zaɓi maganin malamai da addu'a. Jama'a suna zuwa ƙaramin asibiti. Matar da ke fama da tsananin damuwa tana zuwa da kukan ciwon kai da ciwon jiki da rashin barci, a ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da farasitamol, ta dawo bayan mako biyu da kuka iri ɗaya, a ce taifot ne. Tana gaban ma'aikacin lafiya sau uku ko huɗu, amma ba a yi mata tambayar da za ta fito da ainihin ciwon ba, don ba a koya masa tambayar yadda za ta zauna masa ba.

A takarda, an daɗe da amincewa da wannan aiki. Tun 1991 manufar gwamnatin tarayya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ya rage shi ne ilimin ya isa Kangire da Sundimina da Kila da Fagam.

Abin da za a koya

Gano ciwon ƙwaƙwalwa a matakin farko bai buƙatar haddace manyan kundayen likitoci irin su DSM-5 ko ICD-11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri mai suna mhGAP a 2008 domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba, ta fitar da littafin jagorarsa a 2010, ta sabunta shi a 2016, sannan a 2017 ta mai da shi manhajar waya kyauta. Jagorar ta taƙaita aikin ga larurori kaɗan da suka fi yawa ko suka fi haɗari: tsananin damuwa, gushewar hankali, farfaɗiya, matsalolin ɗabi'a da girman yara, ciwon mantuwa na tsofaffi, shaye-shaye, da yunƙurin kashe kai. Horon farko kan ɗauki kwana biyar zuwa shida.

Darasi na farko, wanda ya fi kowane ceton rai, shi ne rarrabe ruɗewar da ciwon jiki ya kawo da ta taɓin hankali. Saurayin da ya kwana lafiya ya wayi gari yana sambatu, jikinsa da zafi, bai san inda yake ba, hankalinsa na zuwa yana tafiya, ba Kazaure yake buƙata ba. Yana iya zama zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa ka, ko sanƙarau, ko sukarin jininsa ne ya faɗi, ko ya bugu a ka. A ɓarkewar sanƙarau ta 2022 zuwa 2023, Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda ake zargin sun kamu, don haka wannan ba labarin nesa ba ne. Haka mai ciki ko mai jego da ta fara jijjiga: sai an auna hawan jininta kafin a yi maganar farfaɗiya ko iska. Kayan aikin wannan darasi su ne ma'aunin zafin jiki, na'urar awon jini, na'urar awon sukari da tsinken gwajin maleriya.

Darasi na biyu shi ne tsananin damuwa. Ma'aikaci yana neman abu biyu: ƙuncin rai da ke wuni da mutum kusan kullum, ko gushewar sha'awar abin da a da yake jin daɗinsa, na aƙalla mako biyu, har ya hana shi ayyukansa na gida ko gona ko kasuwa. Sai ya bincika barci da cin abinci da kasala da yanke ƙauna. Dole ya duba ƙarancin jini da rashin abinci mai gina jiki, domin su ma suna kawo kasala. Dole ya tambaya ko an yi rashi kwanan nan, domin baƙin cikin mutuwa ba cuta ba ne a karan kansa. Dole kuma ya tambayi dangi ko mutumin ya taɓa shafe kwanaki ba ya barci amma ba ya gajiya, yana yawan magana da kashe kuɗi ba lissafi, domin mai irin wannan tarihi idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai, ciwon na iya juyewa ya tashi.

Darasi na uku shi ne gushewar hankali: jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, gane-gane, zargin ana binsa ko ana sa masa guba, magana marar kan gado, da daina wanka da kula da kai. A nan tambayar shaye-shaye ba ta da makawa. Binciken ƙasa na 2018 da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Wiwi da tiramol da kodin duk suna iya canza hoton ciwo.

Farfaɗiya tana da nata sharaɗi mai sauƙi: faɗuwa da jijjiga aƙalla sau biyu a ranaku daban-daban, ba tare da zazzaɓi ko wani dalili na nan take ba. Magungunanta na asali suna da araha, kuma mafi yawan masu ita suna iya daina faɗuwa idan suka samu magani a kai a kai. Yaro nawa aka cire daga makaranta, budurwa nawa aka fasa aurenta, a kan ciwon da ƙaramin asibiti zai iya riƙewa?

Darasi na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi a baki: tambayar ko mutum yana tunanin halaka kansa. Ma'aikata da dama suna tsoron cewa tambayar za ta sa masa tunanin, alhali bincike ya nuna ba haka ba ne. A yankin noma, inda maganin ƙwari da na ciyawa ke ajiye a kusan kowane gida, amsar wannan tambaya ce ke sa a ce wa dangi su kulle fiya-fiya da sauran guba, su kuma daina barin mutumin shi kaɗai.

Inda manhaja ke yin tuntuɓe

Mai karatu zai lura cewa rabin abin da aka lissafa a sama hannu da ido ne ke yin sa. Manhaja ba ta jin zafin goshi, ba ta ganin farin ido na ƙarancin jini, ba ta ganin tabon mari a ƙafa, ba ta kuma iya jan yayar marar lafiya gefe ta tambaye ta yaushe abin ya fara.

Ko tambayoyin tantancewa da likitoci suka amince da su suna da iyaka. Mafi shahara shi ne PHQ-9, mai tambayoyi tara da maki daga 0 zuwa 27, wanda akasarin manhajojin gwada kai suka kwafa. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, aka wallafa a mujallar BMJ a 2019, ya nuna cewa idan aka ɗauki maki 10 a matsayin iyaka, yana kama kusan kashi 88 cikin 100 na masu ciwon, yana kuma wanke kusan kashi 85 na marasa shi. Alƙaluman suna da kyau har sai an yi lissafi. A ɗauka mutum 100 sun cike tambayoyin, 10 daga cikinsu ne ke da ciwon. Zai kama kusan 9. Amma cikin 90 masu lafiya zai nuna 13 ko 14 a matsayin masu ciwo. Ke nan fiye da rabin waɗanda waya ta ce suna da ciwon damuwa ba su da shi. A asibiti wannan ba matsala ba ce, domin makin ƙofar hira ne kawai. A ɗakin saurayin da ba shi da wanda zai tambaya, makin ya zama hukunci, daga nan sai kyamis. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Sai batun harshe. Bahaushe ba ya cewa yana jin ƙasƙanci ko ya rasa sha'awar rayuwa yadda takardun Turai suka tsara. Zai ce tunani ya yi masa yawa, gabansa na faɗuwa, kansa na ɗaukar zafi, wani abu na yawo a jikinsa, zuciyarsa ta yi baƙi. Fassarar inji tana iya mai da wata kalmar damuwa ta koma tashin zuciya, wanda a Hausa amai yake nufi. Dattijuwar da aka tambaya ko ta yanke ƙauna za ta ce Allah ya kiyaye, don a kunnenta an tambaye ta ne ko imaninta ya yi rauni. Mai jegon fari da ke gaban surukarta za ta ce lafiya lau ko da ba ta runtsa ba kwana biyar. Ma'aikaciyar da ta san gari ita ce za ta ce: "Inna, ki ɗan ba mu wuri in duba ta," sannan ta juya ta ce: "Ƙanwata, tun da kika haihu, yaya barcinki? In jaririn ya yi kuka, me ke zuwa miki a rai?" Ga Fulanin rugagen yankin, wata hirar ma sai da Fulatanci.

Ƙasashen da suka ƙera manhajojin su ma sun fara ja da baya. A 2023 wata ƙungiyar taimakon masu larurar cin abinci a Amurka ta dakatar da manhajar hirarta mai suna Tessa bayan an same ta tana ba masu larurar shawarar rage ƙiba. A Agustan 2025 Jihar Ilinoyi ta kafa dokar hana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen yi wa mutane jinyar ƙwaƙwalwa ba tare da ƙwararre mai lasisi ba. Wannan a Turanci ke nan, harshen da manhajojin suka fi ƙwarewa a kai nesa ba kusa ba.

An gwada koyarwar, ta kuma yi aiki

A Jihar Osun, tawagar Farfesa Gureje ta gwada jagorar mhGAP bayan an daidaita ta da yanayin Nijeriya. Ƙwararru suka horar da manyan ma'aikatan lafiya, su kuma suka horar da na ƙasa da su, kusan mutum 200 daga ƙananan asibitoci. Rahoton da aka wallafa a 2015 ya nuna iliminsu ya ƙaru, haka ma yawan marasa lafiyar da suke ganowa suna yi wa magani ko suna turawa gaba. Sirrin aikin shi ne ba a sallame su daga taron bita aka manta da su ba, an ci gaba da duba aikinsu ana ba su horon tuni.

A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu larurar da a harshen Shona ake kira yawan tunani. Gwajin da aka wallafa a mujallar JAMA a 2016 ya nuna bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da su ne ke da sauran alamun tsananin damuwa, a ɗaya rukunin kuwa kusan kashi 50. A Ibadan da Kumasi ta Gana, wani gwaji da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya haɗa ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu maganin gargajiya da na addini wajen kula da masu gushewar hankali, kuma marasa lafiyar da aka yi musu wannan haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Wannan darasi ne kai tsaye ga yankin da mai ruƙiyya ko malamin zaure ne kan fara ganin marar lafiya.

Ta fuskar fasaha ma akwai abin koyi. Shirin ECHO, wanda Dakta Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar Niyu Meziko ta Amurka a 2003 domin ciwon hanta, ya ginu a kan taron bidiyo na mako-mako inda ma'aikatan karkara ke gabatar da matsalar marar lafiya ba tare da suna ba, ƙwararre ya tattauna da su kowa na ji. A Jihar Bihar ta Indiya, tun 2012 shirin Mobile Academy ke koyar da ma'aikatan lafiyar ƙauye ta kiran waya kawai, suna sauraron darasi suna amsa tambayoyi ta danna lamba, ko da ƙaramar waya ce mai madannai.

Yadda ya kamata a ƙera kayan aikin

Na farko, ya yi aiki ba tare da data ba. Sabis yana rauni da zarar an bar babban titi, kuma ba adalci ba ne a sa ma'aikacin da albashinsa bai kai masa wata ba ya sayi data don ya yi karatu. Akwai manhajoji na kyauta da aka gina domin haka, irin su OppiaMobile, wadda aka yi amfani da ita wajen horar da ma'aikatan lafiya a Habasha, da Kolibri, da manhajar Moodle. A sauke darussa sau ɗaya a hedikwata, a rarraba ta Xender ko katin memori. Kuma a gwada su a kan ƙananan Itel da Tecno da ke hannun ma'aikata, ba a kan wayar mai ƙera manhajar ba.

Na biyu, murya ta fi rubutu. Sauti na minti goma, idan aka matse shi daidai da ingancin saƙon murya, bai fi megabayit ɗaya da rabi ba. Darasi 40 za su shiga ko'ina. Abin da ya fi wuyar koyo a wannan fanni shi ne yadda ake tambaya, kuma wannan sai an ji. A ɗauki hirarraki na kwaikwayo da Hausar yankin: yadda ake tambayar magidanci game da ƙwaya ba tare da ya tashi ya fita ba, yadda ake gaya wa uba cewa farfaɗiyar ɗiyarsa ba ta yaɗuwa ta yawu, yadda ake amsa wa dangin da suka ce aljanu ne ba tare da an ƙaryata su ko an raina su ba. Ana iya ce wa uba: "Baba, a ci gaba da addu'a, ga magani kuma a haɗa, Allah ne mai warkarwa." Irin wannan jimla ba ta cikin littafin Geneba, daga bakin gogaggun ma'aikata za a tattaro ta. Ɗaliban jinya na iya yin kwaikwayon, kada a ɗauki marar lafiya na gaskiya.

Na uku, a gina hanyar tuntuɓa. Horon kwana biyar yana dusashewa cikin watanni idan ba a bibiya. A sa rana ɗaya a mako ko mako biyu da ƙwararre daga Kano ko Kazaure ko Dutse zai shiga taron murya da ma'aikata, a tattauna matsala biyu ko uku. A kuma samar da lambar waya ɗaya da ma'aikaci zai kira idan yana gaban mai jegon da ta rikice ko wanda ya sha guba.

Na huɗu, sirri. A garin da kowa ya san kowa, hoton katin asibiti ɗaya da ya fita daga gurup ɗin WhatsApp ya isa ya kashe aure ko ya hana shi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A Finlan, masu kutse sun sace bayanan jinyar dubban mutane daga kamfanin Vastaamo, a 2020 kuma suka riƙa neman kuɗin fansa daga marasa lafiyar. A Amurka, a 2023, hukuma ta sa kamfanin BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu hulɗa da shi ga kamfanonin talla. Ƙa'idar ta zama mai sauƙi: ba suna, ba hoto, ba unguwa, ba sunan miji ko uba a kowane saƙo. Manhajar koyarwa kuma kada ta ajiye bayanin marar lafiya ko kaɗan.

Ƙirƙirarriyar basira tana da gurbi a nan. Za ta iya taimakawa wajen tsara tambayoyin gwaji, ko ta yi kwaikwayon marar lafiya don ɗalibi ya gwada hira da ita, matuƙar ƙwararre mai jin Hausa ya duba abin da take fitarwa. Kuskurenta a aji ana gyara shi kafin ya taɓa kowa.

Abin da masu suka ke cewa

Wasu za su ce da babu gara ba daɗi: yarinyar da ba za ta taɓa zuwa asibiti ba, ai gara ta yi hira da manhaja. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu mai iya hana mutane tambayar wayarsu. Amma mafi alherin abin da manhaja za ta yi wa yarinyar shi ne ta ce mata ta je ta ga ma'aikacin lafiya. Idan ta je ta tarar da wanda bai san me zai tambaye ta ba, shawarar ta tashi a banza. Ko masu goyon bayan manhaja suna buƙatar ma'aikacin da aka horar.

Wasu za su ce ma'aikatan sun riga sun yi kaɗan, ga rigakafi, ga awon ciki, ga tamowa. Wannan ƙorafi ne na gaskiya. Sai dai marasa lafiyar suna cikin layin tun tuni, suna dawowa sau da yawa da ciwon da ba a gano ba. Minti goma na tambayar da ta dace sun fi zuwa huɗu na maganin da bai dace ba, ga ma'aikaci da ga aljihun iyali.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta magani: me amfanin gano cuta idan babu maganinta a kantin asibiti? Wannan ya sa horon ba zai tafi shi kaɗai ba. Magungunan da jagorar ta ambata, irin su amitriptyline da haloperidol da carbamazepine da phenobarbital, tsofaffi ne masu araha, kuma ya kamata su shiga jerin abin da ake kai wa ƙananan asibitoci, tare da bayyana wanda doka ta ba ikon rubuta kowanne. Wani ɓangare na jinyar ma ba ƙwaya ba ne: bayani ga iyali, mai da mutum cikin ayyukansa da jama'arsa, da kwance shi daga mari. Bayan samamen da aka kai gidajen mari a Rigasa da Daura a 2019, da rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na shekarar kan ɗaure masu taɓin hankali a Nijeriya, ya bayyana cewa iyalai da yawa suna kai nasu can ne don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba.

Akwai kuma tsoron maƙala wa mutum sunan mahaukaci a kan kuskure. Maganin wannan shi ne horo mai kyau, wanda ke koya wa ma'aikaci iyakarsa: abin da zai riƙe, abin da zai tura gaba, da lokacin da zai ce a dawo bayan mako biyu a sake dubawa.

Wa zai ɗauki jinkar

Birnin Kudu tana da abin da ƙananan hukumomi da yawa ba su da shi. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta jiha a gari ɗaya. A Jahun kuma ga kwalejin da ke yaye ma'aikatan lafiya matakin farko. Idan waɗannan suka haɗa kai da Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Jihar Jigawa, Birnin Kudu za ta iya zama cibiyar koyarwa, asibitocin mazaɓun Gwaram da na karkarar Birnin Kudu su zama rassa. A fara da ma'aikaci biyu a kowace mazaɓa, mace da namiji, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. A auna nasara da yawan marasa lafiyar da aka gano, aka riƙe, suka dawo ganin likita, ba da yawan waɗanda suka sauke manhaja ba.

Ga matasan Jigawa da Kano masu rubuta manhaja, wannan aiki ba shi da ƙyalƙyalin da zai ja hankali a taron baje kolin fasaha. Ɗaukar sauti ne, matse fayil, gwaji a kan tsohuwar waya, da zama da nas-nas ana gyara kalma ɗaya sau biyar. Amma ranar da malamin asibiti a Sara ko Wurno ya taɓa goshin saurayin da aka kawo a ɗaure, ya gane sanƙarau ne ya tura shi Birnin Kudu cikin gaggawa, darasin da ya saurara a wayarsa ya biya kuɗinsa.